Yadda Malami Zai Gyara wa Ɗalibai Tsayuwa da Zama da Sarrafa Gaɓoɓi

Wani sabon malami da aka turo mana ya same ni a gindin dogon yaro lokacin tara, ya ce: "Malam, yaran nan kullum ina ce musu su miƙe, da na juya ga allo sai su sake ranƙwafewa. Yaya zan yi da su?" Amsar da na ba shi ita zan faɗaɗa a nan. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar Argungu, kuma na tabbata tsawa ba ta miƙar da bayan yaro. Jiki da maimaici yake koyo, kaɗan-kaɗan kullum, ya kuma fi saurin ɗauka idan abin ya zo masa cikin wasa.

Kayan aiki

Kusan duka a unguwa za ka samu. Nemi alli don cikin aji, da toka don zana layi a fili. Igiya biyu dogaye, kamar mita 5 kowace, da gajeru na tsallen mutum ɗaya. In babu ta kasuwa a tufka ta kaba ko ta rama. Je wurin mai faci ka roƙi tsohuwar robar cikin tayar keke ko ta babur, ka yanka ta dogo-dogo. Haɗa da tsofaffin tayoyi, tabarmi huɗu ko biyar, gammo na tsumma, da ƙananan kwanonin roba. Ƙwallo kuma, in ba a samu na tanis ba, tsohuwar safa da aka cusa wa tsumma ta wadatar.

Abin da na fi amfani da shi shi ne 'yan jakunkunan yashi. Tela zai ɗinka su da ƙyallayen da ke zube a shagonsa, girman tafin hannu, a zuba yashi rabi a ɗinke. Guda 20 sun isa farawa. Sun fi ƙwallo ga mai koyo saboda ba sa gangarawa, ba sa jin ciwo in sun bugi fuska, kuma suna zama a kai.

Sai usur, da agogo ko waya don ƙirga daƙiƙa, da littafi guda da ka ware wa wannan aiki kaɗai, da ruwan sha. Kafin a fara komai a share filin: ƙarangiya, ƙusa, fasasshiyar kwalba. In fili ya sharu, ƙafa ba takalmi ta fi silifa, domin silifa tana zamewa, tana kuma sa yaro ya riƙa ƙanƙame ta da yatsu.

1. Makon farko: kallo da aunawa kawai

Kada ka gyara kowa a makon nan. Koma bayan aji lokacin da wani malami ke koyarwa, ka duba waye ya kwanta a kan littafi, waye ƙafarsa ke lilo ba ta kai ƙasa, waye ya karkata gefe guda. Lokacin tara kuma ka lura da wanda ke yawan tuntuɓe da wanda kullum yake raɓe a bango ba ya shiga wasa. Wannan na biyun ka riƙe sunansa, sau da yawa dariyar 'yan'uwa ce ta kore shi.

Daga nan ka yi gwaji uku, ka rubuta na kowa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, hannu a ƙugu, dama da hagu, ka ƙirga daƙiƙa. Ɗan shekara 6 mai lafiya kan kai daƙiƙa 10. Tafiya a kan layi taku 10, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ka ƙirga sau nawa ya sauka. Sai cafe jakar yashi sau 10 daga nisan taku 3. Kada ka karanta sakamako a gaban aji. Kowa da kansa za a gwada shi nan gaba, ba da maƙwabcinsa ba.

2. Ware abin da ya fi ƙarfin malami

Wannan matakin ne sababbin malamai suka fi tsallakewa, shi ne kuma mafi haɗarin tsallakewa. Sa yaro ya haɗe ƙafafu ya duƙa gaba kamar mai ruku'u, sai dai hannuwa su sauka ƙasa, tafi na kallon tafi. Tsaya a bayansa ka duba daidai da gadon bayan. In haƙarƙarin gefe guda ya fi ɗayan tasowa, akwai yiwuwar ƙashin bayan ya karkace. Wannan ya fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 15, ya fi tsananta ga 'yan mata, kuma ba jaka ko mummunan zama ke kawo shi ba, saboda haka atisaye a fili ba zai miƙar da shi ba. A kira iyaye a ce su kai shi babban asibiti wurin likitan ƙashi. Malama ce za ta duba 'yan mata, a cikin ɗaki, da rigarsu.

Haka nan yaron da doro ya fito masa a wuri ɗaya tare da ciwon baya, rama da zazzaɓin dare: tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani. Haka mai ɗingishi sabo, da wanda ƙafarsa ɗaya ta fi siranta, da mai yawan jiri. Gwame kaɗan tsakanin shekara 3 zuwa 6 yakan miƙe da kansa, amma in ya yi yawa, ko ƙafa ta yi baka ga wuyan hannu a kumbure, yana iya zama ƙarancin sinadarin gina ƙashi, likita zai duba. Tambayi iyaye waye mai sikila, waye mai asma, waye mai farfaɗiya. Duk za su yi wasa, amma mai sikila ba a kai shi ga galabaita, ba a barin sa da ƙishirwa.

Kada ka manta da ido. Akwai yarinyar da na shafe kusan zango guda ina yi wa faɗa kan manna fuska a littafi, ashe ba ta gani sosai. Da aka yi mata tabarau, zamanta ya gyaru ba tare da na sake cewa komai ba. Har yau abin yana damu na, shi ya sa duk mai duƙa wa littafi nakan fara tsayar da shi a ƙarshen aji in ce ya karanta abin da ke allo, ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan.

3. Gyara wurin zama

Yaro yana awa biyar ko fiye a aji, darasinka kuwa minti 35 ne ko 40. In benci na lanƙwasa shi, duk abin da ka gina a fili zai rushe kafin a tashi.

Ƙa'idar a taƙaice: tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa daidai da ƙugu, mazaunai can baya a kan benci, gwiwar hannu na hawa tebur ba tare da kafaɗa ta ɗage ba. Wanda ƙafarsa ke lilo a sa masa bulo ko guntun katako ya taka. A jera su da tsawo maimakon jerin rajista. Bahago a ba shi ƙarshen benci na hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zamansa, kuma don Allah a bar shi da hannunsa.

Makarantu da yawa a ƙauyukanmu a ƙasa ake zama. Zaman tabarma ba laifi ba ne a kansa. Matsalar ita ce littafi a ƙasa, yaro ya naɗe a kansa. Sa su tanƙwashe ƙafa, su ɗora jaka a cinya, kwali mai kauri ko allo a kan jakar, littafi a kai. Littafi ya taso wa ido ke nan. Mai faɗawa baya in ya tanƙwashe, a naɗe masa buhu ya zauna a bakinsa.

Ko zama ya yi kyau, daɗewa a cikinsa na gajiyar da baya. Roƙi malaman aji, duk bayan minti 20 ko makamancin haka, kowa ya tashi ya yi miƙa, ya juya kafaɗa baya sau 5, ya zauna. Minti ɗaya ne, kuma gyangyaɗi ma yana raguwa.

Jaka kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Mai kilo 30, jakarsa kilo 3 zuwa 4 da rabi ke nan, a rataya ta a kafaɗu biyu. Mai jakar hannu ɗaya ko leda ya riƙa sauya kafaɗa.

4. Koyar da tsayuwa daga ƙasa zuwa sama

Abin da kake bukatar sani kaɗan ne. Ƙashin baya yana da lanƙwasa uku na halitta: a wuya, a tsakiyar baya, a kwankwaso. Ba a neman a shafe su, a daidaita su ake so, kunne ya hau kan kafaɗa, kafaɗa kan ƙugu, ƙugu kan idon sawu. Kan babban mutum yana kai kilo 5, kamar kankana matsakaiciya. Ba yaro kankana ko dutse ya riƙe a jikin ƙirjinsa, sannan ya miƙa hannu gaba da shi, ka tambaye shi wanne ya fi gajiyarwa. Nan take zai gane abin da wuyansa ke sha in kai ya zarce gaba.

Fara da ƙafa: a buɗe daidai faɗin ƙugu, yatsu na kallon gaba, nauyi a kan biyun. Gwiwa a sake, kada a ƙage ta baya. Kwana biyu ko uku a kan wannan kaɗai. Sannan a je bango: diddige ya bar bango da kamar yatsu huɗu, mazaunai da allon kafaɗa su taɓa shi, ƙeya ta matso gwargwadon iko ba tare da an ɗaga haɓa ba. Tafin hannu ɗaya ya iya shiga tsakanin kwankwaso da bango. In dunƙulen hannu ya shige, ya gantsare da yawa, ya ɗan ja cibiya ciki. Ya yi numfashi biyar a haka, ya tako gaba ya yi tafiya da wannan tsayuwar.

Babban kuskure shi ne cewa "fito da ƙirji, ɗaga kai" kamar a fareti. Yaro zai gantsare, ya ɗage kafaɗa, ya riƙe numfashi, bayan minti ɗaya ya gaji ya zube. Ni nakan ce: "Yi tsawo kamar giginya." Ko in ce: "Ƙwaryar nono ce a kanka, kada ta zube." Duk yaron Kabi ya ga Bafulatana ta shigo gari da ƙwarya a kai, hannu a sake, wuya a miƙe, ba ta ƙame ba. Ita ce misalin da nake so su riƙe. Sai ka ɗora gammo da jakar yashi, su yi tafiya a layi, su juya, su tsuguna su tashi. Wanda ya ƙware a ba shi kwanon roba da ruwa kaɗan. Kayan da kansa zai gaya wa yaro ya karkace, ba sai ka yi magana ba. 'Yan mata masu talla sukan fi kowa a nan, ka sa su nuna wa aji, har da maza.

Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci ɗaya. In ka ce ƙafa, ciki, kafaɗa, haɓa a numfashi guda, babu wanda zai riƙe. Kuma da baki da nuni ake gyara, ba da murɗa kafaɗar yaro ba.

5. Ƙarfafa tsokar ciki da ta baya

Wanda bayansa ba ƙarfi, ko ya san tsayuwa ba zai iya riƙe ta ba. Atisaye huɗu sun ishe ni, sau 3 a mako. Tafiyar kada: rub da ciki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, a ja gaba taku 5, mai rauni ya sa gwiwa ƙasa. Tafiyar kaguwa: a zauna, hannu a baya, a ɗaga mazaunai a tafi. Na uku, a tsaya a rarrafe, a miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, a ƙirga 5, a sauya. Na huɗu tuƙin jirgi: a zauna ƙafa a miƙe, a saƙala roba a tafin ƙafa, a jawo ta zuwa ciki har allunan kafaɗa su matso juna, sau 10. Duba robar kafin ka raba, mai tsagewa tana iya tsinkewa ta bugi ido. In babu roba, yara biyu su zauna fuska da fuska su riƙe zane, wannan ya ja, wancan ya ɗan tirje.

Da ka ga baya ya lotsa ko yaro ya daina numfashi, a tsaya. Biyar masu kyau sun fi ashirin a karkace.

6. Daidaito, sannan langa

Abu uku ke hana mutum faɗuwa: ido, da wani sashe a can cikin kunne da ke jin motsin kai, da jin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. Duk suna ƙaruwa da horo. Wanda ya ga masunta a tsaye cikin kwalekwale a Matan Fada, ruwa na kaɗa su suna jefa taru, ya ga iyakar abin da yau da gobe ke yi wa jiki.

Bi da su daki-daki. Ƙafa ɗaya, ido a kan wani abu guda a bango. In ya kai daƙiƙa 20, ya yi da jakar yashi a kai. Sannan ya rufe ido, abokinsa na tsaye kusa. Sannan a kan yashi mai laushi ko naɗaɗɗiyar tabarma. Bayan haka tafiya a kan igiyar da aka shimfiɗa, gaba, baya, gefe, sai taka bakin taya a zagaye ta.

Sai an wuce nan nake buɗe langa. Babu atisayen daidaito da na sani wanda yara ke roƙon a ƙara musu lokaci kamarsa: ƙafa ɗaya a riƙe ta baya, ana tsalle, ana kauce wa ture, ana kare ruwa har ya kai gida. Amma langar makaranta tana da sharaɗi. A haɗa tsara da tsara ta girman jiki. A kan yashi za a yi, ba a kan siminti ba. Ture da kafaɗa ne kawai, ba a shiga ta baya. Mafi muhimmanci, a sauya ƙafa kowane zagaye, domin a unguwa kowa da ƙafar da ya fi so yake yi, sai ɗayar ta zama raguwa. Littafinka zai nuna maka wannan bambanci tun gwajin farko. Ga 'yan mata gala-gala na yin wannan aikin, ita ma da sauya ƙafa.

7. Haɗa ido da hannu da ƙafa

Daga sauƙi ake farawa: jefa jakar yashi sama a cafe da hannu biyu, sannan hannu ɗaya, sannan a tafa kafin a cafe. Daga nan biyu-biyu, a riƙa ƙara nisa taku ɗaya bayan cafiya 5 a jere. Mai rufe ido in abu ya taso, a ba shi ɗankwali ko leda ya jefa, suna saukowa a hankali har tsoron ya fita. Carafke na gyara yatsu, kuma na sha ganin rubutun yaro ya kyautatu tare da ita.

Ba da lokaci ga motsin da hannu ke tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren jiki: hannun dama ya taɓa gwiwar hagu, na hagu ya taɓa ta dama, ana tafiya, sannan a taɓa diddige ta baya. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su rikice. Sa kiɗa, ko da gwangwani da kara ne, a fara a hankali. Tafin gaɗa shi ma haka yake aiki, hannu na bin waƙa, ƙafa na bin hannu.

Tsallen igiya kada ka fara shi da juyawa. A shimfiɗa ta a tsallaka, sannan a kaɗa ta ƙasa-ƙasa kamar maciji, sannan lilo, sai daga baya cikakken juyi.

A nan ake samun yaron da komai nasa a makare yake zuwa. Kada ka bari shugabannin rukuni su zaɓi 'yan wasa, domin kullum shi za a bari a ƙarshe. Kai ka raba da ƙirga. In ya ce "Malam, ban iyawa," ka ce "Ɗana, yi rabin ta mu gani," ka rage nisa ko ka ba shi babban ƙwallo. Dariya kuwa ranar farko ake kashe ta.

8. Tsara lokaci da babban aji

Minti 10 kullum bayan taron safe sun fi awa guda sau ɗaya a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki a rana ga 'yan shekara 5 zuwa 17, to tara da tafiyar gida da wasan dandali duk suna cikin lissafi. A cikakken darasi nakan ba ɗumama jiki minti 5, tsayuwa 5, tashoshi 20, wasa 8, sauran a sha ruwa a huce.

Aji mai yara 80 ko 100 ba ya koyuwa a layi ɗaya. Zana tasha biyar da toka: bango, igiya, jakar yashi, tabarma, gala-gala. Kowace da shugaba da ka koya wa tun jiya. Usur duk minti 4, a zagaya. Kai ka tsaya a tasha ɗaya mai wuya, kowa zai biyo ta gabanka.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi na wuce digiri 40, saboda haka da sassafe ko a inuwa. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, masu asma su kauce wa ƙura. Da azumi a bar gudu da tsalle, a tsaya ga bango, daidaito da carafke.

Kada ka taɓa mai da atisaye hukunci. Tsallen kwaɗo da kamun kunne suna wahalar da gwiwa da baya, suna kuma koya wa yaro cewa motsa jiki azaba ce. Wanda aka sa tsallen kwaɗo da safe ba zai zo filinka da daɗin rai ba.

9. 'Yan mata masu tasowa

Yarinyar da ta fara girma takan lanƙwasa kafaɗa don kunya, haka ma yaron da ya yi wa tsaransa tsawo. Faɗa a gaban aji ƙara mata duƙawa yake yi. A ware musu wuri ko lokaci nesa da idon maza, malama ta jagorance su, da hijabi da wando a ƙarƙashin riga. Hijabi mai tsawo a soke shi a ƙugu lokacin tsallen igiya don kada ya harɗe. In makarantar ba malama, a koya wa manyan ɗalibai mata biyu, malami ya tsaya nesa yana ba da umarni da baki.

10. Sake aunawa da ganin iyaye

Bayan mako 6 maimaita gwaje-gwajen nan uku, ka nuna wa kowane yaro lambarsa ta da da ta yanzu, shi kaɗai. Daidaito da cafiya su ke fara motsawa. Zama da tsayuwa sukan ɗauki zango guda ko biyu kafin su zama ɗabi'a. Wanda bai gusa ba ko kaɗan, ko ya koma baya, a mayar da shi mataki na 2.

A taron iyaye nakan roƙi abu biyu. Na ɗaya, a bar yara su yi wasan dandali, kada waya ta cinye yammacinsu suna duƙe. Na biyu ɗaukar ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, ga yarinya mai kilo 30 tana ɗauke da ita a ka daga rijiya. Nakan ce: "Baba, a raba mata sawu biyu, ko a ba ta bokiti rabi, ko a haɗa su da baro." Galibi sukan karɓa in an zo musu da ladabi, musamman in ka buɗe littafin ka nuna wa uba cewa 'yarsa da ta fara da daƙiƙa 6 a kan ƙafar hagu yanzu tana kai 20.